Ja Sanyi Ne

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau ban zo da wasa ba. Duk wadda ta taɓa zama gaban mutum tana masa murmushi, alhali zuciyarta tana ce mata wannan akwai abin da yake ɓoyewa, ita za ta fi gane satin da na yi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce wadda gidanmu suke kira Dakta tun ban zama ba. Shekarata ashirin da takwas, ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir, kuma abin da nake nazari ƙura ce. Ba ta saman kabad ba, ƙurar da take tsakanin taurari. Umma ba ta gajiya da cewa, "Shekara uku kina karatun ƙura, ga ta nan a tagar ɗakinki kin kasa gogewa."

Bari in yi muku bayani a gurguje, don sai da shi za ku gane abin da ya faru. A cikin galaksinmu, wato babban garken taurarin da ranarmu take ciki, akwai gizagizan ƙura masu sanyin da ba ya misaltuwa. In ka duba da ido, baƙi kawai za ka gani, kamar an goge taurarin wurin. Amma komai sanyin abu yana fitar da ɗan ɗumi, ɗumin nan kuwa haske ne da ido ba ya gani, muna kiransa infared mai nisa. Akwai wani madubin hangen nesa da aka harba sararin samaniya, ya yi shekaru yana ɗaukar wannan hasken kafin ruwan da yake sanyaya shi ya ƙare. Hotunan da ya bari su nake tonawa. Ba na kwana a kan rufin gida ina kallon sama kamar yadda Goggo take faɗa wa mutane. Takwas na safe nake shiga ofis, huɗu in fito.

A cikin hotunan nan na gano wani siririn zare na ƙura, dogo, wanda ya fi komai sanyi a yankinsa, kuma babu wanda ya taɓa rubuta labarinsa. A irin wannan zaren ne taurari suke fara haɗuwa. Shekara uku na ba shi, har gilashi na fara sawa a kansa. Ranar Juma'a za mu tura takardar binciken ga mujalla, sunana a gaba, sunan Farfesa mai duba aikina a baya. Ita kuma Umma, a wannan Juma'ar ta ce in ba ta amsa a kan Mai Firji.

Goggo ce ta kawo shi. Ƙanwar Baba ce, kuma tun rasuwarsa ta ɗauki aurar da ni kamar aikin da ake biyanta albashi. Matsalar Goggo ɗaya ce, wayarta ba ta da ƙ mai lanƙwasa. Duk wanda ta tura wa bayanina sai ta rubuta, "yarinya ce mai hankali, tana aikin kura." Na farko da ya zo ya tambaye ni ko suna cizo. Na biyu ya ce in mun yi aure ba za a shigo masa da ko ɗaya gida ba. Na uku ko zuwa bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai ga saƙon na huɗu, wata Talata da rana.

"Assalamu alaikum. Goggonki ce ta ba ni lambarki. Ta ce kina aikin ƙura. Allah ya taimaka, ya ba da sa'a."

Na daɗe ina kallon lanƙwasar nan ta kan ƙ. Goggo kura ta rubuta masa, na sani, don ta turo min saƙon in ga irin yabon da ta yi min. To wa ya gaya masa ƙura ce?

Na kira ta. "Goggo, a ina mutumin nan ya san ni?"

"Ƙanin maƙwabciyata ne. Yana da kamfani, su suke haɗa ɗakunan sanyi na asibitoci da manyan shaguna. Shi da kansa ya ce a nema masa iso."

"Shi ya nema? Ya taɓa ganina ne?"

"Ke dai ba ki iya godiya ba. In ba a zo ba ki ce ba a zo ba, an zo kuma kin zama ɗan sanda."

Ban taɓa cewa ba a zo ba, amma da Goggo ba a jayayya.

Ya zo sau uku. Ba zan yi muku ƙarya ba, mutumin ba shi da makusa. Dogo ne, mai sanyin murya, ba ya katse mutum in yana magana, kuma ya gyara wa Umma firjinta da ya shekara yana gurnani ba tare da an roƙe shi ba. Tun ranar Umma ta gama yanke hukunci. Ni kuwa abu ɗaya ya tsaya min a rai. A duk zuwansa bai taɓa tambayata aikina ba. Kowa yana tambaya, ko don ya yi dariya. Mai kai ni ofis ma ya taɓa tambayata ko taurari suna faɗowa. Shi kuwa da zance ya doshi wajen sai ya kauce a hankali, ya koma kan lafiyar Umma ko tsadar kayan gyara. Na ce a raina, wanda bai damu da abu ba yana tambaya sau ɗaya ya manta. Wannan kaucewa yake yi.

Ranar Asabar da la'asar ya zo na huɗu. Umma ta sa na cire rigar da na saka har sau biyu, ƙarshe na tsaya a doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi ruwan hoda wanda ita ta zaɓa. Ta fesa min turarenta na cikin akwati har sai da na yi atishawa. A falo an yaye ledar kujeru, an fito da kofunan gilashi masu bakin zinariya waɗanda ko mu ba ma taɓawa, ga lemo mai sanyi da kek a faranti. Goggo kuma ta ce wai wucewa ta zo yi, alhali da jakar kwana ta zo.

Shi farar riga ya sa mai dogon hannu, ya naɗe ta zuwa gwiwar hannu, da agogo mai baƙar fata. A bayan hannunsa na dama akwai wani tsohon tabo fari. Na taɓa tambayarsa, ya ce ƙuna ce, amma ta sanyi.

A bangon falonmu, tsakanin agogo da hoton Baba, akwai babban hoton yankin da nake nazari. Ni na buga shi, Umma ta sa aka yi masa firam. Ja ne da ruwan goro da shuɗi, a cakuɗe kamar hayaƙi. Goggo ta ga shiru ya yi yawa, sai ta nuna shi da cokalin kek.

"Ka ga abin da take yini tana kallo. Ni duk ranar da na dubi jan nan sai in ji zufa. Wai wutar da take ci a sama ce. Allah ya tsare mu."

Yana kai kofi bakinsa, ko ɗagowa sosai bai yi ba, ya ce, "A'a Goggo, ja sanyi ne, kar ki ruɗe."

Na tsura masa ido.

Ku tsaya ku ji dalili. Launukan hoton nan mu muke sa su, tunda hasken ba ya ganuwa. A tsarinmu, inda ƙurar ta ɗan yi ɗumi shuɗi muke ba shi, inda ta fi sanyi kuma ja. Duk wanda ya taɓa shigowa falon nan, daga likita har malamin makaranta, ja yake nunawa ya ce wuta. Haka hankali yake ba kowa. Shi ma mai firji, a kan famfo da na'urorinsa ja zafi ne, shuɗi sanyi. Babu mai juya abin sai wanda ya zauna a irin kujerata.

Ba wannan kaɗai ba. Da ya ɗago, idonsa bai yi yawo a hoton ba kamar na baƙo. Kai tsaye ya sauka a kusurwar ƙasa ta hagu, inda zarena yake kwance, siriri, wanda ko Umma da take goge gilashin kullum ba ta san da shi ba. Daƙiƙa biyu ya yi a wurin, sannan ya ajiye kofin da sauri har lemon ya fantsalo a tire.

"A ina ka san ja sanyi ne?" na tambaye shi, ina murmushin da bai wuce leɓe ba.

"Ai... ke kika faɗa."

"Yaushe?"

"Ko a wani shiri na ji. Kin san mu masu sanyi, duk inda aka ambace shi sai mu kasa kunne."

Goggo ta tuntsire da dariya. "Ka ji min yarinya. Mutum ya yaba aikinki kin tsare shi da tambaya." Ta ƙyafta min ido irin na za ki gamu da ni. Umma daga bakin ƙofar kicin ta yi min alama da hannu in saki fuska. Na saki, amma kek ɗin nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Kafin magariba saƙonsa ya shigo.

"Na iso lafiya. A gaida Umma. Kin yi kyau yau."

Na rubuta, "Na gode. Wane shiri ne ka ji?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Sai ga wannan: "Na manta sunansa."

Ni ma na manta yadda ake amsa saƙo.

Abin da ya fi damuna, kalmomin kansu ne. Ja sanyi ne, kar ki ruɗe. Na san na taɓa gamuwa da su a jere haka, amma na rasa a ina. Ranar Lahadi na wanke kaya, na share ɗaki, har tagar da Umma take min gori na goge, maganar tana ta juyawa a kaina.

Litinin da safe na shiga ofis. Ɗakinmu dogo ne, tebura shida, kwamfutoci masu manyan allo, na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar da ruwa a bokiti, da butar shayi da kowa yake musun shi ya bari ba ruwa. Na kunna kwamfutata na buɗe manhajar da nake haɗa hotuna da ita. Gadonta na yi. Ranar da na fara, Farfesa ya miƙo min ita ya ce wani tsohon ɗalibi ne ya rubuta, in yi amfani da ita kawai. Layuka ne sama da dubu biyu, kuma wanda ya rubuta yana da ɗabi'ar barin ɗan bayani a gefe da Hausa, kamar mai magana da kansa. "Nan na sha wuya." "Kar ka taɓa wannan layin ko da ya yi maka kama da shirme." Sau da yawa in na gaji nakan karanta su in yi dariya ni kaɗai. Har na taɓa ce wa kaina duk wanda ya rubuta wannan za mu shirya.

Na gangara wajen da ake raba launuka. Layi na ɗari huɗu da goma sha biyu.

"Ja sanyi ne, kar ka ruɗe."

Na zare gilashina na goge, na mayar. Yana nan.

A ƙarshen ɗakin akwai ƙaramin ofishin Injiniya, dattijon da yake kula da kwamfutocin sashen tun kafin a haife wasunmu. Na same shi yana hure ƙura daga cikin wata tsohuwar na'ura.

"Baba Injiniya, ina kwana. Don Allah wa ya rubuta manhajar haɗa hotuna?"

Bai ɗago ba. "Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Sani kawai nake so in yi."

"Wani yaro ne. Ya tafi, shekara bakwai ke nan ko fiye."

"Ya gama?"

"Na ce miki ya tafi." Ya ajiye abin hurawar ya dube ni ta saman tabarau. "Hannunsa yana da kyau, shi yake gyara mana injin sanyaya na'urori in ya tsaya. Har ya taɓa ƙona bayan hannu da ruwan sanyin da ake zuba wa injin. 'Yata, takardarki saura kwana huɗu. Ki bar tone-tone."

Na koma kujerata. Ku faɗa min, in ku ne me za ku ɗauka? Mutum ya yi aiki a ɗakin nan, a yankin sama ɗaya da nawa. Ya tafi bai gama ba. Bayan shekara bakwai, ana saura 'yan makonni in fitar da aikina, sai ya ɓullo ta hannun Goggo da farar riga da ladabi, ya gyara firji, ya ɓoye cewa ya san ko da kalma ɗaya a fannin. A aikinmu wanda ya riga bugawa shi ne mai abu. Kwamfutata ta hannu kullum tana kan teburin falo. Sau nawa na tashi ɗauko masa ruwa na bar ta a buɗe? Na ƙirga, sau biyu. Raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne na fara son zuwansa.

Farfesa ya leƙo wajen sha ɗaya, da jan bironsa a aljihun gaba kamar kullum. "Ina fata komai ya kammala?"

"Saura jadawali ɗaya, Farfesa."

"Madalla. Kada ki nuna wa kowa kafin Juma'a. Kowa fa."

Da ya faɗi haka a wata rana, da ban ji komai ba. Ranar kuwa har ya fita ina kallon ƙofar.

Na canza kalmar sirrin kwamfutata. Kwana biyu Mai Firji yana turo gaisuwa ina amsawa da kalma ɗaya. Umma ta lura. Ta same ni a ɗaki ranar Talata tana ninke mayafai da ba su buƙatar ninki.

"Me ya yi miki?"

"Ba komai, Umma."

"To me kike nema a jikinsa? Tun kina ƙarama haka kike, a ba ki alewa sai kin fasa kin ga cikinta. Ba kowa ne yake zuwa da mugun nufi ba, Dakta. Ni dai na gaji da ba Goggonki haƙuri."

Tausayinta ya kama ni, don na san ba don kanta take yi ba. Na ɗauki mayafi ɗaya na taya ta ninkewa.

Laraba da rana na tura masa: "Ka zo yau da la'asar. Akwai magana."

"To. Ni ma akwai."

Wannan karon ba turare, ba duwatsu. Baƙar abaya na zura, na kulle kwamfutata a kabad na sa makullin a aljihu. Ruwa kawai na ajiye masa, a kofin roba. Umma tana kicin, ta bar ƙofar a buɗe rabi, tana yanka albasa a hankali yadda wuƙar ba za ta hana ta ji ba.

Ya shigo da kayan aiki, shuɗiyar riga mai tambarin kamfaninsa, da wata tsohuwar jakar leda a hannu. Ko gama zama bai yi ba na ce, "Layi na ɗari huɗu da goma sha biyu."

Ya rufe ido. Sai kuma ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Har yanzu ba a goge shi ba?"

"Me ya sa ka yi min ƙarya?"

"Ban yi ƙarya ba sai ranar Asabar. Kafin nan shiru na yi."

"Kar ka raina min hankali. Me ka zo nema a gidanmu? Ni ko zaren?"

Wuƙar Umma ta tsaya.

Ya murza tabon hannunsa. "Wata uku da suka wuce jami'a ta saka ɗan bidiyonki, kina yi wa 'yan makaranta bayani. Hoton nan yana bayanki. Ina cikin ɗakin sanyi na wani asibiti na gani a waya, sai da na zauna a ƙasa. Shekara bakwai ina gaya wa kaina babu komai a kusurwar nan."

"Wato ka taɓa ganinsa."

"Na gan shi. Na kai wa Farfesa. Ya ce zanen na'ura ne, irin layin da madubin yake bari in yana shara, wato yana bin sama layi-layi yana ɗaukar hoto. A gaban kowa ya faɗa. A lokacin hoton shara ɗaya nake da shi, ban da yadda zan kare kaina. Na yi wata shida ina gardama, ƙarshe ya ce ba zai ci gaba da duba ni ba. Na tattara na koma abin da hannuna ya iya."

Na san wannan zargin, don shi ya cinye min shekara guda. Sai da na haɗa hotunan da madubin ya ɗauka a tsaye da waɗanda ya ɗauka a kwance, a tsawon haske uku daban-daban, na nuna zaren bai motsa ba. Layin na'ura yana bin hanyar shara, nawa kuwa yana nan daram.

"Ba ka amsa min ba," na ce.

"Ranar farko zaren na zo gani. Ba zan ɓoye miki ba. Ina so in san ko mahaukaci ne ni ko a'a. Na ce wa yayata ta nema min hanya, ita kuma hanya ɗaya ta sani."

Na zata zai musa, in samu abin faɗa.

"To ka gani. Ba mahaukaci ba ne kai. Ga ƙofa."

"Na gani tun zuwan farko, ta gefen ido, kafin ki fito. Da shi kaɗai ne da ban dawo ba." Ya ɗago ya dube ni. "Na dawo sau uku, Dakta."

"Kwamfutata fa? Na bar ta a buɗe."

"Na gani. Na juya mata baya har kika dawo. Ki tambayi Umma, tana leƙe."

Daga kicin aka yi tari.

Ya buɗe jakar ledar ya fito da wani littafin rubutu mai baƙin bango, gefensa duk ya naɗe. Ya ajiye a tebur, ya tura min da yatsa biyu.

"Wannan kaɗai ne shaidar cewa na taɓa ganinsa. Fayilolina an goge su bayan na tafi, ban da kwafi, ban ɗauki hotonsa ba. Ki riƙe. In kin ga dama ki ƙona. Aikin naki ne, ke kika tabbatar, ni gani kawai na yi. Ba na son ki zauna da ni kina tunanin akwai wani abu a aljihuna."

Ya miƙe, ya leƙa kicin ya yi wa Umma sallama, ya fita. Ruwan ma bai sha ba.

Kar ku ce na narke, ban narke ba. Zuciyata cewa ta yi, wannan ma ai dabara ce. Mai wayo ne kaɗai zai ba ki wuƙa don ki daina binciken aljihunsa. Na ɗauki littafin na shige ɗaki na turo ƙofa.

Rubutunsa ƙanana ne, a tsaye. Lissafi, kwanan wata, da irin 'yan maganganun nan na gefe da na sani kamar na ɗan'uwana. A shafi na sittin da uku na same shi. Zane ne da fensir, siririn layi mai ɗan lanƙwasa a tsakiya, lambobin wurinsa a sama a rubuce a ƙasa. Na haddace lambobin nan fiye da lambar wayata. Su ne, ba ko ɗigo da ya bambanta. A gefe ya rubuta, "kelbin goma sha ɗaya?" da alamar tambaya. Kelbin shi ne ma'aunin da muke auna sanyi da shi. Ni goma sha ɗaya da rabi na samu, bayan shekara uku.

A kan zanen kuma, an gicciya layi biyu da jan biro, an rubuta: "Dattin na'ura ne. Ka daina ɓata min lokaci." Rubutun da yake kan kowane shafi na aikina ne. Har yadda Farfesa yake lanƙwasa kan ɓ.

Sai na tuna makona na farko a sashen. Farfesa ya tsaya a bayana, taswirar yankin gaba ɗaya tana kan allo, faɗinta ya ishi ɗalibai goma. Ya sa bakin jan biron nan a kusurwar ƙasa ta hagu ya ce, "Ki fara dubawa nan. Jikina yana ba ni akwai wani abu." Shekara uku ina ba da labarin nan ina yabon basirarsa. Shekara uku ina cewa ni na gano.

Na zauna a bakin gado na yi kuka, ba na soyayya ba, na takaici. Ina ta gadin ƙofar falo, ashe abin tun daga ofis aka yi shi.

Wayata ta yi ƙara. Farfesa.

"Injiniya ya ce kina tambayar tsofaffin ɗalibai. Ki mai da hankali kan aikinki. Ki turo min takardar gobe in duba. Sunaye biyu ne kawai, naki da nawa, kamar yadda muka tsara."

Kawai. Ni ban taɓa yi masa zancen suna na uku ba.

Mutumin nan shi zai sa hannu a digirina. Ya taɓa korar wani a kan zaren nan, kuma babu abin da ya same shi. Littafin yana kan cinyata, ashana tana kicin, kuma mai shi da bakinsa ya ce in ƙona. Ba wanda zai sani. Na buɗe kabad na ɗauko kwamfutar, na buɗe shafin farko na takardar. Na kalli sunana a gaba, yadda na yi shekara uku ina mafarkinsa. Na sa waƙafi a bayansa, na bar fili.

Na ɗauki waya na rubuta wa Mai Firji: "Ban ce na yarda da kai ba. Ka turo min cikakken sunanka yadda kake so a rubuta shi."

Umma ta ƙwanƙwasa, ta turo kai, idonta ja, ita ta ce albasa ce. "Goggonki tana kan layi. Me zan ce mata?"

Kafin in buɗe baki amsarsa ta shigo. Na karanta, na sake karantawa, Umma tana tsaye da waya a kunne tana jirana.

"A wace takardar? Ta mujalla, ko ta ɗaurin aure?"